Babu Gajiya

Har yau in na ji an ce "babu gajiya" sai raina ya ɓaci. Da wannan amsar aka kwantar mini da miji.

A shekarun da gyaɗa ke tashe, bayan tafiyar Nasara 'yan mulkin mallaka, maigidana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, wurin wani Alhaji a Tasawa. Da kaka ta yi, mu da ganinsa sai an ci sa'a. Ya ɗauko buhuna daga Maijirgi, ya sauke, a ce Kona na jira, daga can a ce Maradi. Alhaji na da kamiyo guda da direba guda, ga kwaɗayin mutum goma.

Ni da ke ba shi tuwo na fara gani. Loma biyu sai ya dafe ciki ya ce wuta yake ji. Goro ya zama abincinsa. Fatar idonsa na rawa, in ya kwanta rana sai ya zabura yana laluben burki da ƙafa. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya daka mini tsawa a kan buta. Amma kowa ya gaishe shi a ƙofar gida, "Ina gajiya?" sai ya washe baki ya ce babu.

Na sami yayansa na ce, "Yaya, ku je ku roƙi Alhaji ya ba shi hutu, ko ya samo mai kama mashi. In ba haka ba zai faɗi, aikin ma ya tahi."

Ya ce, "Ke mi kika sani? Namiji na cewa ya gaji? Sammu ne, abokan aiki ke baƙin ciki da shi."

Sai ga rubutu kwano-kwano, ga turare har ɗaki ya yi baƙi. Mutum na neman barci, ana tashinsa ya sha magani! Ba wanda ya taka ƙofar Alhaji, wai kada a ce ɗan gidansu rago ne.

Wata rana da azahar, a hanyar Kona, ya tsayar da kamiyo cike da gyaɗa a tsakiyar rairayi. Ya manta inda za shi. Masu jakuna suka same shi riƙe da sitiyari yana hawaye, da ƙyar suka ɓamɓare yatsunsa.

Alhaji ya zo dubiya da sabon direba a bayansa, don karɓar makulli. Ya zauna a tabarmata, ya dubi maigida ya ce, "Sannu, ina gajiya?"

Na ga leɓen maigida na shirin motsi. Daga bakin ƙofa na riga shi: "Akwai ta, Alhaji. Kai ka aza mashi ita."

Yaya ya ce na kunyata zuri'a, ya yi shekara ba ya amsa gaisuwata. Maigida ya warke, bayan ya yi barcin da aka hana shi. Sai dai gari ya riga ya ce ya taɓu, kuma ba wanda ya sake miƙa masa makullin mota har ya koma ga Allah.