Inda Gora Ba Ta Taɓa Ba

Shekarar da tafkin Kalmalo ya fara ja da baya, Baba ya kasa zama wuri ɗaya. Yana da irin albasa, amma bai san ko ruwan zai kai mu ƙarshen rani ba. In ya shuka ruwa ya ƙafe, iri ya tafi, wahala ta tafi a banza.

Yayana malamin lissafi ne a Illela. Ya zo hutu da tari a ƙirji, ya ce in tuƙa masa jirgi, zai auna zurfin tafkin da gora.

Na nufi inda muka saba jefa taru. Ya ce a'a, can kwari ne mai zurfi, zai yi mana ƙarya. Na ce to mu bi layi. Ya ce layi na iya bin kwarin nan tun daga farko har ƙarshe. In kuma muka tsoma gora duk inda muka ga dama, sai awon ya taru gefe ɗaya kamar awaki a inuwa.

Sai ya sa muka fara da tsakiya. Daga nan muka koma tsakiyar gabas, muka tsallaka tsakiyar yamma. Kullum inda ya fi nisa da wuraren da muka taɓa, can zai nuna. Kafaɗuna suka yi tsami, na yi ta gunaguni.

Wani tsohon masunci ya ɗaga murya: "Malam, mi ya ɓace maka? Allura?"

"Ruwa nika biɗa, Baba," in ji Yaya. Suka yi dariya har tari ya sarƙe Yaya.

Na tambaye shi yaushe za mu gama. Ya ce amfanin wannan tafiya ke nan: ko ina muka tsaya, awon da ke hannu ya riga ya bazu ko'ina, ana iya dogara da shi.

Ba mu gama ba. Ya kwanta, bai tashi ba.

Bayan sadakar bakwai Baba ya kira ni zaure, bai dube ni ba. "Mi yayanka ya gani?"

Na ce gorar ba ta nutse sosai ba sai a wurare kaɗan. Na kuma faɗa masa abin da Yaya ya ce game da tsayawa.

Baba ya shuka fadamar bakin kwari kawai, ya ajiye sauran iri. Ruwan ya kai ta, da ƙyar. Ni kuwa har damina ina fita da jirgi, ina tsoma gora inda ba mu kai ba.