Dakta Lado Jumare, Malamin da Ɗalibarsa Ta Gyara wa Lissafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Yuni, 1994, bayan azahar, aka aiko mini cewa Allah Ya karɓi ran Dakta Lado Jumare a gidansu na Ƙofar Doka, bayan doguwar jinya. Kafin la'asar sakaliya mun kai shi makwancinsa.

Lado, tare muka yi allo, tare muka koyar a sashen injiniyan lantarki na jami'a, amma ban taɓa daina tsokanarka ba. Ina ce maka duk Zazzau kai kaɗai ne ka ƙarar da ƙuruciyarka kana auna lokacin da ko ƙiftawar ido ta fi shi tsawo sau dubbai. Aikinka kuwa shi ne transistocin da ake jerawa a cikin kwamfuta su zama ƙofofi, sigina na bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Kana son a san jinkirin da zai yi tun kafin a ƙera abin. Da mahaifinka ya tambaye ka, sai ka ce masa kamar ban ruwa ne a lambu: sai kwamin farko ya cika ruwa zai wuce na biyu, kuma na ƙarshe shi ke shan jira. Tsoho ya gyaɗa kai, ya ce ashe dai noma kake yi.

Lissafin da ka fitar ya shiga mujalla a ƙasashen waje, mu kuma muka yi ta taƙama da shi kamar mu muka yi. Ɗalibanka a zauren gidanku suke ɗaukarsa, a kan tabarma, layi-layi, yadda aka karantar da kakanninmu.

Cikinsu akwai Ummukulsum Dogara, 'yar unguwarku, mai neman digiri na biyu. Ta jera transistoci a ɗakin gwaji ta auna, sai ta ga idan jerin ya yi tsawo sigina mai hawa yana makara fiye da yadda lissafinka ya ce. Ta sake, ta sake, haka. Ta gano dalili ma: ka ɗauka ƙarfin kowace ƙofa ba ya canjawa, alhali yana raguwa yayin da lantarki ke hawa. Amma 'yar cikin birni ce, an rene ta a kan ɗalibi ba ya gyara wa malaminsa karatu a bainar jama'a, balle malami marar lafiya. Ta zo ofishina ta ce za ta janye aikin, ta haƙura da digirin. Na yi lallashi har na gaji, daga nan na kai maka ƙara.

Ban manta dariyar da ka yi ba, har tari ya sarƙe ka. Ka sa aka kira ta, ta durƙusa daga bakin zaure, ta kasa ɗaga kai.

"Malam, wataƙila na'urar ce," in ji ta.

"Na'urar lafiyarta ƙalau, Ummu," ka ce mata. "Liman ma in ya yi tuntuɓe a karatu, na bayansa ke ɗora shi, kuma sallar kowa ake ceto. Je ki rubuta abin da kika gani."

Ranar kare aikin likita ya hana ka fita, ka ƙi ji. Muka riƙo ka har kujera. Mai jarrabawar da ya zo daga Kudu ya tambaye ta ko ta san lissafin wa take rushewa. Hawaye ya cika mata ido. Kai ka amsa, ka ce, "Nawa ne, kuma ta yi daidai. Ci gaba da tambayarta." Ta amsa duk abin da ya jefo mata, ta ci. Wallahi ban taɓa alfahari da abota irin ta ranar ba.

Da za a tura gyaran mujalla, ta sa sunanka a gaba bisa al'ada. Ka karɓi biro ka soke shi. Makon da muka rufe ka takardar ta fito, da sunanta ita kaɗai.

Allah Ya jiƙanka, Lado, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ilimin da ka bari ya bi ka. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Hajiya Batulu da yara da dukan zuriyar Jumare, da Ummukulsum wadda har yau ba ta iya buɗe mujallar ba. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.