Jirgin kaya ya wuce, ni na fito a hoto

Na cika baki a gida, na karɓi wayar 'yata Bilki, wai ni zan ɗauko mata hoton jirgin kaya da malamarsu ta nema.

Na sha rana a bakin layin dogo. Da jirgi ya taho, na yi ta latsawa har taragon ƙarshe.

Na dawo unguwarmu Mandawari ina taƙama. Bilki ta duba wayar.

"Baba, ina jirgin? Duk fuskarka ce, baki buɗe."

"Ai jirgin nake kallo!"

"Ita kuma wayar kai take kallo."

Ashe wayar ido biyu gare ta, gaba da baya? Har yanzu ban gane ba.

Litinin za a karɓi hoton. Jama'a, yaushe jirgin zai sake wucewa? Bilki na bina jirgi guda.