Dattijo Mai Baƙar Kwat

A shagon bindigogin da Darlene ke tsaro a Tulsa, maza biyu na ta yabon kamfanin da ya ƙera ƙaramar bindigarsu.

"Tawa ta lalace, kyauta suka gyara," in ji ɗaya.

Ita kuwa hankalinta na kan wani dattijo a gefe. Baƙar kwat ɗinsa ta yi masa yawa, yana rungume da akwatin bindiga irin tasu, yana kallon bango. Tana zaton daga jana'iza yake.

"Baba, taka ma gyara take so?" ɗayan ya tambaya.

"Lafiyarta ƙalau. Ɗana ya gwada ta a kansa."

Sannan ya tura akwatin gaban Darlene a hankali. "'Yata, ki riƙe ta a nan."