Motar Atika

Babana, Na'Allah mai fenti, bai iya tuƙi ba. In na faɗi haka a cikin mutane sai su ɗauka tsokana ce, don duk wanda ya san garejinsa da ke bayan Sama Road ya san tun kafin a haife ni hannunsa bai rabu da jikin mota ba. Iyakar abin da ya iya shi ne ya matsa da ita gaba kaɗan ko baya kaɗan a cikin gareji, kansa a waje ta taga, harshensa a tsakanin haƙora. Amma a garin nan akwai alhazai da malaman jami'a da ba su sayen mota sai Na'Allah ya zo ya kewaye ta.

Ba ya duba mota da yamma, ba ya duba jiƙaƙƙiya. Dillalai sun san haka, shi ya sa da sun ji yana tafe sai su watsa mata ruwa wai ana wanki, don ruwa yana rufa wa fenti asiri. Shi kuwa sai ya ja benci ya zauna, ya sa a kawo masa shayi, har ranar hantsi ta busar da ita. Sannan ya fito da kayan aikinsa, wanda bai wuce wani mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar rediyo ba, naɗe a hankici. Sai ya riƙa bin jikin motar da shi a hankali. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame, an taɓa yin karo, aka cike lotsawar da foti, aka fesa fenti a kai.

"Wagga ta sha foti, Alhaji. Bar ta," haka zai ce, dillali na tsaye yana ji. Ya sha zagi a kan wannan, ko a jikinsa.

Kowace mota yana da hukuncinsa a kanta. Kamri, in ji shi, ko gobe ka gaji da ita kasuwa za ta karɓe ta da mutunci. Fijo ta san doguwar hanya, kuma duk bakaniken da ke tsakanin nan da Illela ya san cikinta. Honda ta fi su kyan gani. Launi kuma fari ko ruwan azurfa, don ja da baƙi ranar Sakkwato ba ta barin su su tsufa da mutunci. Sama da kome yana girmama fentin kamfani, wanda mota ta fito da shi. Mutumin da fenti yake ciyar da shi, amma zai gaya maka aikinsa duk kyansa na biyu ne.

Innata, Atika, 'yar Kwalkwalawa ce, ƙauyen da ke gab da jami'a. Ba ta da yawan buri. Ban taɓa jin ta nemi gwal ko leshi ba. Abu guda take so, kuma tun ina goye take faɗinsa: ta tafi gida a cikin motarmu ta kanmu, tana zaune a gaba, a lokacin damina, tana kallon shinkafa da gero ta gilashi har ƙofar gidan mahaifiyarta, Kaka Hindu. Duk sallah a motar haya muke zuwa, mu huɗu a kujerar baya da kwanukan tuwo a cinya. Da yawa cikin masu kawo wa Baba aiki sun ce a ɗauki tasu a kai ta. Ta ƙi.

"Ba ni son ta aro, Malam," take ce masa. "Kowa ya san ta mutane ta."

Ina sakandare lokacin da hali ya fara samuwa. Baba ya yi wa wani kamfani fentin motocinsu duka, ya dawo gida yana ta fara'a, ya ce bana Atika za ta shiga gaba. Ya sami motoci 'yan Kwatano guda uku, Kamri da Fijo da Honda, ya shiga kwatanta su. Kullum da magariba za mu ji labari. Kamrin injinta lafiya lau, amma an taɓa fesa mata ƙofar baya. Fijon fentinta na kamfani ne, amma wanda ya riƙe ta a can bai kula da giyarta ba. Hondar ba ta da laifi ko ɗaya sai dai ja ce. Ya yi wata biyu yana zagaya su. Ranar da ya yanke shawarar Kamrin, ya tarar an saye ta, an sayi Fijon, Hondar ma wani malamin jami'a ya ɗauka. Shi da kansa ya duba masa ita ya ce ya saya.

Inna ta cire sabon mayafin da ta saya don ranar daga jaka, ta mayar da shi akwati.

Bayan shekara takwas aka sake irin wannan, har da mota uku, har da mayen ƙarfe. A kan motar wasu mutane Baba yakan yanke hukunci kafin shayinsa ya huce, amma da aka zo kan ta Atika sai ya ga babu wadda ta isa. Yana cikin dubawa farashi ya tashi ya bar shi a tsaye. A shekarar Kaka Hindu ta rasu, muka je gaisuwa a motar haya. Na ɗauka Inna ta haƙura ke nan, tunda wadda za a nuna wa motar ta tafi. Ashe ba nunawar ce kawai ba. Hanyar take so ta gani.

Shekara uku da suka wuce ta fara tuntuɓe da turmi a tsakar gidan da ta yi shekara talatin da wani abu tana shara. Na kai ta asibiti. A lokacin na yi aure, ina koyarwa, har na koyi tuƙi da motar mijina Abdulshakur. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma mun makara. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama yana rufewa daga gefe zuwa tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Ya ba da magani na ɗigawa, ya ce zai rage gudun abin, amma bai san wata nawa suka rage ba.

Daga asibiti ban wuce ko'ina ba sai gareji. Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba, kuma ranar ma ban ɗaga ba, amma ya ji ɓacin raina tun daga sallamata.

"Baba, mi kaka jira?" na ce. "Idon Inna na tahiya. In ba ta shiga motagga bana ba, ba ta ganin ta har abada."

Ya ajiye bindigar fenti, ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma.

"Shamsiyya, ni ban so in sa uwakku cikin abin da za a raina."

"Wa zai raina? Ita ba ta san foti ba, ba ta san kamhwani ba. Taya huɗu da gilashi taka so."

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, muka tafi wurin dillalai tare. Kafin nan ya sayar da filin da ya gada a bayan gari, ni da Abdulshakur muka ƙara abin da ya sawwaƙa. 'Yar Kwatano ta riga ta fi ƙarfinmu, sai wadda aka hau a nan gida. Na rantse a raina in ya fito da hankicin nan zan fizge shi. Ya fito da shi, ban fizge ba. Amma a ranar ya ba ni mamaki. Akwai Honda mai sheƙi da aka yi wa sabon fenti, ya wuce ta. Akwai Fijo mai sauƙin kuɗi, ya saurari injinta ya girgiza kai. Ya tsaya a kan wata Kamri ruwan azurfa ta wani tsohon ma'aikaci. Ƙarfenta lafiya, injinta shiru, sai dai ta shekara goma tana kwana a rana, rufinta da bonet sun ƙone sun yi dabbare-dabbare kamar ƙasan tukunya. Kafin azahar ya ce a kawo takardu. Na yi hamdala har na kusa kuka.

Na karɓi makulli na ce mu wuce gida. A nan halin ya dawo.

"Gareji za mu," ya ce. "Iyalin mai henti ba su shiga gari da wagga huska. Kwana ukku na, in hesa mata ruhi da bonet."

Kwana uku ba wani abu ba ne, na yarda. Wannan yardar tana cikin abubuwan da har yau nake tuhumar kaina a kansu.

Watan Agusta ne. Duk mai fenti ya san damina ba ta ƙaunar sana'arsa. Ya goge rufin da samfefa, ya fesa, hadari ya taso da la'asar, fentin ya yi ƙuraje. Ya kankare ya sake. Karo na biyu ya bushe lafiya, amma da ya fito da ita rana sai ya ga azurfar rufin ta ɗan fi ta ƙofofi haske. Na je na duba, wallahi ban ga bambanci ba. Shi ya gani. Ya ce tunda abin ya zo haka, gara a yi mata gaba ɗaya, launi ya zama ɗaya. Ya kori duk wani aiki daga garejin. Ya cire fitilu da robobi, ya rufe gilasai da jarida. Ban taɓa ganin ya yi wa motar wani alhaji abin da ya yi wa wannan ba. Yana yi yana 'yan waƙe-waƙe, mutumin da ko a biki ba ya buɗe baki.

Sau ɗaya Inna ta yi magana, ina wurin, a kwana na tara.

"Malam, kawo ta hakanan. Ni ba henti nika so ba."

"Yi haƙuri, Atika. Shekara nawa kika jira? Ki bari in ba ki abin da ya dace da ke."

Ta yi murmushi ta ce to. Ina tambayarta ido, tana cewa da sauƙi, maganin yana aiki. Tana girki, tana ninke kaya, tana gane ni tun daga zaure. Ban lura ba cewa takuna take ganewa, kuma ta daina cewa ɗankwalina ya karkace, ita da ba ta barin wannan ya wuce. Ina fama da jarrabawar ɗalibai, na karɓi da sauƙin nan don ita nake so in ji.

Kwana ashirin da huɗu motar ta yi a gareji. Ranar wata Asabar da safe na tuƙo ta zuwa gida, Baba a gefena sanye da farar rigar Juma'a. Gaskiya ta yi kyau. Mutane suna juyowa a hanya, wani mai babur har ya bi mu yana tambaya ko sabuwa ce. Baba ya sa na kashe ta tun daga bakin lungu, muka gangara da ita shiru, muka tsaya gefen dama na ƙofar gida inda rana ke faɗowa, don ya ba ta mamaki. Ya shiga ya ce ta fito.

Ta fito da mayafinta mai kyau, ta ƙi a riƙe mata hannu. Ta dafa bangon zaure, ta tsallake dokin ƙofa daidai, ta tsaya. Sai ta juya hagu, wajen da masu kawo wa Baba aiki suka saba ajiye mota, ta ɗaga fuska tana murmushi. Babu kome a wurin sai bangon maƙwabta da kwata.

"Ma sha Allahu," ta ce. "Ta yi kyau, Malam. Ka iya aiki."

Motar tana bayanta, tana sheƙi. Na sa mayafi na toshe bakina. Na dubi Baba, na ga fuskarsa, kuma ba na fatan in sake ganin fuskar mahaifina a haka. Da ya yi kuka da ya fi mini sauƙi. Duk haushin da na tara masa ya zube a wurin, tausayi ya maye gurbinsa, don na san ba rowa ta sa shi ba, ba kuma rashin so ba.

Ya buɗe ƙofar direba a hankali, ya sauke birkin hannu, ya kama sitiyari da hannu ɗaya, ya sa kafaɗa. Tsoho mai shekara sittin da biyar cikin farar riga, yana tura mota a kan yashi. Na je zan taya shi, ya girgiza mini kai. Ya zagayo da ita ta gaban Inna, taku bayan taku, har ya tsayar da ita daidai inda idonta yake kallo.

Ta ji ƙarar tayoyi a kan yashi, ta ji numfashinsa. Ta san abin da ya yi, ya san ta sani. Murmushin ya ɗan yi rawa a fuskarta, amma bai tafi ba. Ta miƙa hannu har ya sauka a kan bonet ɗin da rana ta fara ɗumamawa, ta shafa shi a hankali.

"Kada ka damu, Malam," ta ce. "Kai ka zamna baya kusa da kunnena. In mun kai hwadama, ka gaya mani ko shinkahwa ta yi."