Kwalin Taliya Mai Huda Biyu

Shekara talatin da wani abu ina ɗaukar hoto a Makera, kuma abin da na fi taƙama da shi idona ne. To idon nan ya soma yi mini wulaƙanci tun tuni, na ƙi gaya wa kowa. Maiɗakina ce kawai ta gano, ganin yadda nake miƙe hannu da waya kamar zan ba wani. Ta ja ni wajen likita aka yanka mini tabarau. Na sa shi a aljihun jakar kyamara, ya shekara biyu a can. Mai hoto da tabarau? Ai gobe amare su koma shagon gaba.

Abokina Tica mutumin Filato ne, malamin kimiyya mai ritaya, gidansa yana Unguwar Boro. Mun saba tun ina zuwa makarantarsu ɗaukar hoton 'yan aji. Yana da wani madubin hangen taurari da ya saya a wajen 'yan gwanjo, kaurinsa kamar turmi, yana ji da shi fiye da motarsa. Wata rana ya zo shagona ya ce ƙarshen wata za su koma gida gaba ɗaya. Bai faɗi dalili ba, ni kuma ban tambaya ba.

"Mai hoto, abu ɗaya nake so kafin in tafi," in ji shi. "Hoton tauraruwa Zara daga saman rufin gidana. Kai ne kake da ido."

Na bugi ƙirji na ce an gama.

Zara ba ta wahalar da mai nemanta, ana idar da Magariba za ka gan ta a yamma tana ƙyalli. Muka cire gilashin gaban kyamarata, muka ɗaura ta a bakin madubin da wani zoben ƙarfe. Aikin ya rage ɗaya: Tica ya riƙa murza wani ɗan mariƙi a hankali, ni kuma ina kallon allon kyamara, in ce ya tsaya idan hoton ya fito tar. Matsalar ita ce ni komai na allon nan dishi-dishi nake ganinsa. Sai na tsuke fuska irin ta ƙwararru, na bari ya yi murza uku, na ce, "Tsaya! Nan ne."

Da na wanke hoton washegari, sai ga wani farin zobe mai rami a tsakiya, sak ƙuli-ƙuli. Na kai masa ina shirin kare kaina. Ya karɓa, ya miƙe hannu da shi can nesa, ya gyaɗa kai.

"Kai! Very sharp."

A nan na gane ba ni kaɗai ba ne maƙaryaci a saman rufin nan. Na ji daɗi ƙwarai, Allah Ya yafe mini.

Madam, matar Tica, ita ce ta ɓata mana shiri. Tsohuwar nas ce, ba ta da wasa. Ta ɗauki hoton ta juya shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan ne tauraron? Alhaji, ko dai cincin ɗina kuka ɗauka?"

Kwana uku ina zuwa, kullum da wanda nake ɗora wa laifi. Ran farko hayaƙin tirelolin hanyar Abuja. Ran na biyu janaretan maƙwabci, na ce shi ke girgiza ginin. Ran na uku na ce madubin ne ya tsufa, na ga ran Tica ya sosu, na ji kunya amma ban janye ba. A ƙasa kuwa ana ta ɗaure kaya, ɗakuna suna ta zama wayam.

Ana jibi za su tafi, na hau na tarar Tica ya rufe bakin madubin da kwalin taliya, ya huda shi wuri biyu. Ya ce tsohuwar dabara ce. Idan saiti bai yi ba, tauraron zai fito biyu a allo. Ana murzawa suna matsowa, in suka haɗe suka zama ɗaya, to an samu. Ba sauran gardama.

Na leƙa allon, na ga wani farin abu kamar an ɗiga koko. Ya soma murzawa.

"Nawa ne?"

"Ɗaya," na ce da ƙarfin hali.

"Biyu ne," in ji Madam daga bayana. Ban ma ji hawowarta ba. "Har da rata a tsakani, akuya za ta wuce. Alhaji, Hajiya ta yi mini waya. Ta ce a duba ƙaramin aljihun jakarka."

Wato an daɗe ana shari'ata a bayan idona. Na yi tsaki, na yi 'yan ƙunƙuni, na zaro tabarau na maƙala.

Sai ga su, ɗigo biyu farare tas. Tica yana murzawa suna takowa, na ce kaɗan, na ce ya wuce, ya dawo, suka haɗe. Muka cire kwalin, na danna. Ashe Zara ma jinjira take yi kamar wata, 'yar siririya mai baki biyu. Shekaruna sittin ban sani ba.

Na juyo da murna in nuna masa, hasken fitilar da Madam ta hau da ita yana kan fuskarsa. Rabona da ganin fuskar nan sosai shekara biyu. Kumatun sun zube, wuyan riga ya yi masa yawa, idanun sun yi rawaya. Duk zuwan da nake yi, ban ga komai ba. Nan take na san abin da zai mayar da shi gida, na kuma san kowa ya sani sai ni.

Na cire tabarau na miƙa masa. Ya sa, ya sunkuya a kan allon ya daɗe.

"Yanzu kam ya yi," ya ce. "Wancan na farko, Mai hoto, ƙuli-ƙuli ne."

Hoton yana shagona har yau, a saman teburin da nake aiki. Da tabarau nake kallonsa.