Ramukan da Ya Haƙa a Ƙofar Gidanmu

A shekarun da kuɗin mai ke tura 'ya'yan talakawa karatu ƙasar waje, ɗan ƙanwar Inna ya zo hutu daga Turai. Duk ranar kasuwar Gwaram sai ya hau babur daga Birnin Kudu ya zo gidanmu. Ni kuwa na haddace littattafan soyayyar kasuwa, na san abin da ke kawo saurayi bayan la'asar. Jira nake ya ce zai turo magabatansa kafin hutun ya ƙare.

Na shimfiɗa tabarma, na sunkuyar da kai kamar kowace budurwa mai kunya. Shi kuma masanin duniya sai ya ɗauka ƙasar nake nazari. Ya tsuguna ya haƙa ramuka jeri-jeri kamar na dara.

"Ƙanwata, kin ga nan? A cikin ƙwayar zarra akwai 'yan mitsi-mitsi, kwak sunansu, wani ƙarfi ya ɗaure su tamau. Kwamfuta ba ta iya lissafin sarari sai an yanka shi rami-rami haka."

"To, Yaya."

"Amma in kika sa kwak ɗaya, sai lissafi ya haifo goma sha shida! Abin yana hana ni cin abinci."

Na ce a raina, madalla, ga rashin cin abincin da littattafai suka yi alkawari, sai dai ba don ni ba.

Mako huɗu muna haka. Ya koya mini yadda ake ɗora wa sha biyar ɗin da suka ƙaru nauyi su nutse, da yadda hakan ke ɓata daidaiton hagu da dama. Ina ta "to", lallena yana ta dushewa.

Ranar ƙarshe na cire kunya na ce, "Yaya, ni fa? Haka za ka tafi ka bar ni?"

Ya dube ni, karo na farko. "Wallahi kin yi gaskiya. Bari in ga Baba."

Na ruga ɗaki, na shafa hoda har wuya. Can Baba ya kira ni, fuskarsa cike da murna.

"Yayanki ya ce bai taɓa ganin mai natsuwa a kan lissafi kamarki ba."

Da aka dawo daga hutu aka kai ni makarantar horon malamai. Lissafi na koyar har na yi ritaya.